Ngaundere: Hattara Daga Tashar Jirgi Zuwa Masauki

Jirgin ƙasan Camrail da ke tasowa daga Yawunde da dare, a Ngaundere layinsa ya ƙare. Daga nan sai mota, ko zuwa Garwa da Marwa, ko ta Tuboro zuwa Mundu a Chadi. Shi ya sa garin ba ya rabuwa da baƙi masu kuɗi a jika, kuma ɓarayi sun san haka.

Cikin gari, abin da ya fi damun fatake shi ne fizgen waya da jaka a kan babur, musamman bayan isha'i. Kada ka tari ɗan acaɓan da ba ka sani ba da dare. Bari mai masaukinka ya aiko maka nasa. Kuɗin kaya kuwa, zuba su a Orange Money ko MoMo, ka riƙe na cefane kawai. Ƙirga sefa a bainar jama'a ai kiran ɓarawo ne.

Babban tashin hankalin yana karkara, inda masu garkuwa suka daɗe suna sace makiyaya da 'ya'yansu don kuɗin fansa. Mai zuwa sayen shanu ya tafi da rana, cikin ayari, kuma kada ya yaɗa ranar tafiyarsa.

Uwargida ma ta haddace lambobin nan: 'yan sanda 117, jandarmomi 113.