Ƙashin ƙafa da igiyar guga

Igiyar guga ba ta tsinkewa rana ɗaya. Sili-sili take sakewa, yau ɗaya gobe biyu, mai jan ruwa bai sani ba, har ranar da guga zai zauna a ƙasan rijiya. Abu biyu ke cin ta, girman gugan da kuma fizgar mai ja. Wanda ya ɗaura babban guga kuma yake fizga da gaggawa ya haɗa mata duka biyun.

Haka dogayen ƙasusuwan nan biyar suke, waɗanda suka tashi daga tsakiyar ƙafa zuwa gindin yatsu. Mai tafiya yana ɗora wa ƙafarsa abin da ya ɗan ɗara nauyin jikinsa. Da zarar ya sheƙa da gudu, kowane taku kan kai ninki biyu zuwa uku. Ƙara masa jakar kilo 20 a baya, ita ma ta shiga lissafin. Abin da ya fi damuna shi ne ƙashi ba ya biyan kuɗin nan daidai wa daida. Ɗan ƙarin matsi kaɗan yana rage yawan takun da zai iya jurewa ƙwarai da gaske, musamman idan tsokar ƙafa ta gaji ta daina tare masa dukan ƙasa. Cikin ƙasusuwan biyar, na biyu da na uku su suka fi shan wuya, domin gindin na biyun a maƙale yake, ba shi da wurin gocewa.

Tun a 1855 wani likitan sojan Furusiya mai suna Breithaupt ya bayyana kumburin ƙafa da zafi a jikin sojojin da suka sha doguwar tafiya. Har yau kuratan soja da sababbin 'yan tsere ne kan gaba wajen kamuwa da wannan ciwo na tsagewar ƙashi.

Inda ƙashi ya fi igiya shi ne yana tufka kansa. Sai dai kafin tufkar akwai warwara. Jiki kan fara kwashe wurin da ya tsattsage, cikin 'yan makonni, sannan ya cike gurbin da sabon ƙashi, wanda ƙwarinsa kan ɗauki watanni. A wannan tsakanin ƙashin ya fi rauni, kuma a lokacin ne saurayi yake jin numfashinsa ya gyaru, sai ya ƙara gudu ya ƙara kaya.

Ciwon kan fara ne a bayan ƙafa, wuri ɗaya da za a iya nunawa da ɗan yatsa. Da farko hutu na kwantar da shi, daga baya ko a kwance yana zugi. Da yawa sukan ce targaɗe ne a kai wa maɗori ya murza, alhali tsagewa ba ta son murza. Hoton ƙashi na asibiti ma yakan fito lafiya a makonni biyu ko uku na farko, shi ya sa likita kan nemi a sake ɗauka ko a yi MRI. Yawanci warkewa na ɗaukar makonni 6 zuwa 8 ba gudu. Bayan nan a fara da tafiya, sannan sassarfa, kaya kuwa sai ƙafar ta daina ƙorafi.