Tsohuwar Rediyo Ba Ta San Iyaka Ba

Duk wanda ke cin kasuwannin Jibiya, Ɗan Isa, Illela ko Birnin Ƙonni ya san rumfar masu gyaran rediyo, inda za ka tarar da tsofaffin akwatunan National, Philips da Sony jibge, ƙura ta rufe su. Da yawanmu mun watsar da su tun da wayar salula ta shigo.

To amma idan ba a manta ba, bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar an rufe iyaka, Najeriya kuma ta katse wutar lantarkin da take bai wa ƙasar. Caza waya ya zama aiki. A lokacin ne mai rediyo da batir biyu ya zama abin nema a kasuwa, domin ɗan kasuwar da kayansa suka maƙale a hanya ba abin da yake buƙata kamar labari.

Sirrin yana ga gajeren zango. Tashar FM ba ta wuce 'yan gomman kilomita, shi kuwa gajeren zango sama yake bugawa ya dawo ƙasa, ya ci dubban kilomita ba ruwansa da shingen kwastan. Ta nan iyayenmu suka riƙa kama Sashen Hausa na BBC tun 1957, da na Muryar Jamus tun 1963.

Farfaɗo da irin wannan akwati ba ya cin kuɗi. A sami wayar tagulla kamar mita 10, a ɗaura ta daga rufin rumfa zuwa bishiya, a naɗe bakinta a jikin eriya. A nisanta ta daga wayoyin lantarki, in hadari ya taso kuma a cire ta saboda tsawa. Da rana a nemi mita 16 ko 19, da dare a koma 31, 41 ko 49. In ƙara ta yi yawa a duba kusa, sau tari cazar waya ce ko ƙwan sola. Batir kuwa kada a bar shi ciki in za a ajiye akwatin, ruwansa ne ke cinye ƙarfen.

Matasa masu sha'awar harhaɗa na'urar watsa shirye-shirye su sani cewa sauraro kyauta ne, amma watsawa sai da lasisin hukuma.

Shawararmu ga 'yan kasuwa ita ce, kafin a sayar wa 'yan gwangwan, a fara kai wa mai gyara ya duba. Da tsohuwar zuma ake magani.