Faɗuwa Daga Kan Keke, Da Yadda A Ke Komawa Sirdi

Zancenmu na yau a kan keke ne. Ba na jin akwai garin da za a shiga a ƙasar nan a rasa keke a cikinsa. Da shi a ke zuwa gona, da shi a ke kai kaya kasuwa, da shi yara su ke zuwa makaranta. A birane kuma yanzu akwai masu hawansa don motsa jiki kawai, ka gan su da sassafe sun yi jerin gwano, kowa da hular kwano a ka, ba kasuwa za su ba, ba gona ba. Kada ku yi musu dariya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata kowane baligi ya sami aƙalla minti 150 a mako yana motsa jikinsa, watau kamar minti 30 sau biyar. Hawan keke yana ƙarfafa zuciya, yana taimakon mai hawan jini da mai ciwon sukari, ba ya kuwa dukan gwiwa kamar yadda gudu ke yi. Manomin da ke tuƙa kekensa zuwa gona kullum ya riga ya cika wannan lissafi bai sani ba.

Amma duk mai hawa wata rana zai faɗi. Ko rairayi ya kwashe tayar gaba, ko akuya ta gitta, ko bakin riga ya shiga sarƙa, ko birki ya ƙi ci a gangare. Abin da za ka yi bayan faɗuwar shi na ke so mu duba, tun daga sa'ar da ka tashi daga ƙasa har ranar da za ka koma sirdi.

Fara da kai, ko da jini a gwiwa ya ke zuba. Mutane su kan tsorata da jinin da su ke gani, su manta da kan da ya bugu, alhali kuwa can haɗarin ya ke. In mutum ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ko ya tashi bai san yadda ya faɗi ba, ko yana maimaita tambaya ɗaya, ƙwaƙwalwarsa ta girgiza. Kada ya sake hawa keken nan ran nan, kada kuma a bar shi ya kwana shi kaɗai. A sa masa ido kwana biyu. In ya yi ta amai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci ya rinjaye shi har tashinsa ya yi wuya, ko ya yi farfaɗiya, ko jini ko wani ruwa garai-garai yana fita ta kunne ko ta hanci, ko wani sashen jikinsa ya mutu, to, jini na iya zama yana taruwa cikin ƙoƙon kai. Wannan ya fi ƙarfin ɗakin maganin ƙauye, sai babban asibiti, ko da tsakar dare ne. In kuma yana kukan wuya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a ɗaga shi a zaunar, kada a goya shi a babur. A riƙe kansa daidai da jikinsa, a kwantar da shi bisa katako ko ƙyaure, a ɗauka haka nan.

Hular kwano ta kan rage mugun rauni a ka da fiye da rabi. Ko masu tseren keke na Turai sun daɗe suna ƙin sa ta, sai da wani mai suna Andrei Kivilev ya faɗi ya mutu cikin tsere a Faransa a 2003, sa'an nan aka mai da ita tilas.

Sai gurjewa, wadda ita ce muka fi gani. Maganinta na fari ruwa ne mai tsabta da sabulu. A wanke sosai, a yi ta kwarara ruwa har duk ƙasa da tsakuwa su fita. Da zafi, na sani, amma ƙasar da aka bari ita ce ke kawo ruwa a miki. Bayan haka a rufe da bandeji ko ƙyalle wankakke, a riƙa canjawa kullum. Ina roƙonku, kada a zuba toka, ko ƙasa, ko baƙin mai, ko man birki, ko garin batir. Kashin dabba kuwa shi ne mafi muni duka, domin ƙwayar ciwon nan mai sanƙarar da jiki ya sarƙe haƙora, wanda likitoci ke kira tetanas, cikin ƙasa da kashin dabbobi ta ke zama. Ba ta nuna kanta nan da nan, ta kan yi daga kwana 3 zuwa 21, mutum yana ganin mikinsa ya kama warkewa, sai ya wayi gari baki ya ƙi buɗewa. Saboda haka in raunin ya yi datti, kuma ka fi shekara biyar rabonka da allurar rigakafinsa, ko ba ka san ko an taɓa yi maka ba, ka zo a yi maka ran nan.

Game da ƙashi kuwa, mai faɗuwa ya kan miƙa hannu ya tare ƙasa, nauyin jikinsa duka ya bi ta hannun. Shi ya sa wurare biyu suka fi karyewa: wuyan hannu, da siririn ƙashin nan da ya taso daga gindin wuya zuwa kafaɗa. Wanda ya karya na kafaɗar za ka gan shi ya tallafe gwiwar hannu da ɗaya hannun, kafaɗar ta sauko. Galibi rataya hannun kawai a ke yi, ƙashin ya haɗe cikin mako 6 zuwa 8 ga babba, ga yaro kuwa mako 3 zuwa 6. Na wuyan hannu ya fi yaudara. Akwai wani ɗan ƙaramin ƙashi a gindin babban yatsa wanda ya kan tsage ba tare da kumburi mai yawa ba, mutum ya ce targaɗe ne, ya ci gaba da aiki. Jini bai cika isa ƙashin nan da yawa ba, don haka in ba a ɗaure shi da wuri ba ya kan ƙi haɗewa, hannun ya zauna da ciwo shekara da shekaru. In ka danna ɗan ramin nan na gindin babban yatsa ka ji zafi, je a ɗauki hoto.

Na san da yawanku wurin maɗori za ku fara zuwa, ba kuwa zan ce ba su san kome ba. Amma maɗori ba ya ganin cikin jiki. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne ɗaurin da ya matse. Gaɓar da ta karye ta kan ci gaba da kumbura kwana biyu ko uku, in karan ɗori ya hana ta wuri sai jini ya daina wucewa. In yatsu suka yi sanyi, ko suka canja launi, ko suka mutu, ko zafin ya wuce misali, a kwance ɗaurin a lokacin, a tafi asibiti. Na taɓa ganin yaro ɗan shekara goma da aka kawo bayan kwana biyar da irin wannan ɗauri, karayar tasa ƙarama ce, amma hannun bai tsira ba. In ƙashi ya huda fata ya fito, wannan ba aikin ɗori ba ne sam. Targaɗe na gaskiya kuwa, a kwana biyun farko sanyi ya ke so, ba gashi da ruwan zafi ba: a jiƙa tsumma da ruwan randa a ɗora kamar minti 15, a ɗaga gaɓar sama.

Abu ɗaya kuma don iyaye. In kan keke ya soki yaro a ciki, ko da ba a ga kome a fata ba sai ɗan zagayen shaida, saifa ko hanji na iya fashewa a ciki. In ya yi amai, ko cikin ya yi tauri, ko ya yi fari fat, a gaggauta.

To, an yi ɗauri, an koma gida. Nan ne mutane su kan kasu biyu, duka kuwa kuskure su ke yi. Wani ya kwanta a tabarma wata biyu ba ya motsi, ya tashi ƙafa ta shanye, gwiwa ta ƙage, numfashi ya gajarce. Wani kuma tun mako biyu ya hau keke da buhu a kariya, ya sake faɗuwa bisa ƙashin da bai gama haɗewa ba. Abin da a ke so shi ne gaɓar da ta karye ta huta, sauran jiki kuwa ya ci gaba da aiki.

Don wannan ne a ke amfani da keken girke, watau keken da a ke tuƙawa ba ya zuwa ko'ina, kamar dai yadda tela ke taka keken ɗinki yana zaune wuri ɗaya. Za ku same shi a sashen gashin ƙashi na manyan asibitoci. Amfaninsa a fili ya ke: ba rami, ba rairayi, ba mota, ba faɗuwa. Mai karaya a hannu yana iya tuƙa shi hannunsa na rataye.

Aibinsa ɗaya, gundura. Mutum ya zauna yana tuƙi yana kallon bango, minti goma sai ya ji kamar wuni. Masu keke a Turai da Amurka sun nemi dabarar wannan. Su kan cire tayar baya, su ɗora keken bisa wata na'ura wadda ke auna ƙarfin tuƙin mutum, ta aika wa kwamfuta ko waya. Sai mutum ya ga hoton wani mahayi a allo yana tafiya bisa hanya, shi ne kuwa. In ya ƙara ƙarfi mahayin ya ƙara gudu. In hanyar cikin allo ta kai tudu, na'urar ta riƙe feda ta yi nauyi, sai ka ce tudun gaske a ke hawa. Ta hanyar intanet kuma yana ganin waɗansu mahaya da ke cikin ɗakunansu a wasu ƙasashe, su yi tafiya tare, ko su yi tsere. Wadda ta fi suna cikin irin waɗannan ita ce Zwift, wadda aka fara a 2014. A 2020, sa'ad da cutar korona ta kulle mutane a gida, har manyan 'yan tseren duniya sun yi gasa ta wannan hanya, kowa daga ɗakinsa.

Ga labarin da ya sa mutane da yawa suka yarda da abin. Wani ɗan tsere mutumin Ostareliya, Mathew Hayman, ya faɗi cikin tsere a ƙasar Beljiyam ran 27 ga Fabrairu, 2016, ya karya hannu. Shekararsa 37 a lokacin. Ba shi da halin hawa kan hanya, sai ya girke kekensa a garejin gidansa, ya yi ta tuƙi da Zwift hannu na ɗaure. Ran 10 ga Afrilu, mako shida ke nan bayan karayar, ya shiga tseren da a ke yi daga kusa da Faris zuwa garin Rube, tafiyar kilomita 257, ta fi nisan Kano zuwa Kaduna, fiye da kilomita 50 nata kuwa bisa hanyar duwatsu ne masu girgiza hannu. Shi ya zo na ɗaya.

Kada wani ya ji wannan ya ce shi ma mako shida ya ishe shi. Mutumin nan tuƙin keke ne sana'arsa, yana da likitoci masu duba shi, an ɗauki hoton ƙashinsa an san irin karayar. Abin da za mu ɗauka daga labarinsa shi ne, hannu ne ya karye, bai bar ƙafafunsa da zuciyarsa su kwanta tare da hannun ba. Ni kuma a ganina allon nan yana da nasa haɗari ga mai jinya, gama wanda ya ga wani ya wuce shi sai zuciya ta ɗebe shi ya manta ba shi da lafiya.

Mu a ƙauye ba mu da wannan na'ura, ba kuwa lalle ne sai da ita ba. Mai walda yana iya ƙera maka ƙarfe mai faɗin gindi da zai ɗaga tayar baya daga ƙasa. Kada ka dogara da ƙafar nan ta keke da a ke jingine shi da ita, ba don ɗaukar mutum aka yi ta ba. In babu halin wannan, tafiya da ƙafa safe da yamma ta isa. Ko wanne za ka yi, sai wanda ya duba ka ya yarda tukuna. Fara da minti biyar ko goma, ba nauyi, ka ƙara kaɗan kaɗan kowane kwana biyu ko uku. In gwiwa ce ta ji ciwo, ɗaga sirdi sama kaɗan, in kuma feda ta ƙi zagayawa, yi ta kai ta gaba kana dawo da ita baya har ranar da za ta zagaya da kanta. Gajiyar tsoka ba kome ba ce. Amma in wurin raunin ya yi suka, ko ya kumbura da dare, ko ka tashi da safe ya fi jiya ciwo, ka yi yawa, koma baya. Wanda ya bugu a ka, bayan hutun kwana ɗaya ko biyu yana iya fara tafiya a hankali ko tuƙin girke mara nauyi, in ciwon kai ko jiri ya taso ya tsaya, kan hanya kuwa sai alamun sun ɗauke duka. Ku tuna kuma, a cikin ɗaki babu iskar da ke busar da gumi kamar a hanya. A yi a inuwa ko a zaure mai iska, da sassafe, da ruwan sha kusa. Kada a sha ƙwaya mai ƙarfi irin su taramol don a iya tuƙi, zafin nan shi ke gaya maka inda za ka tsaya.

Kafin ka koma hanya, gwada kanka: kana iya matse birki da ƙarfi da hannun da ya karye? Kana iya waiwayawa ta kowane gefe? Kana iya tsayawa da ƙafa ɗaya ba ka yi tangaɗi ba? In duka sun yiwu, kai keken wurin mai gyara ya duba birki, da ƙahon gaba ko ya lanƙwashe, da taya. Hular kwanon da ta bugu da ƙasa sau ɗaya ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga ba, sai a sake wata. Hawan farko a yi shi da rana, a fili mai tauri, ba goyo, ba kaya a kariya, a naɗe ƙafar wando a tattare riga.