Haƙoran dinozor: kafin ciniki, a tambayi inda aka tono su

Ƴan kasuwa da ma'aikatan da ke bin hanyar Ƙonni zuwa Tawa kan haɗu da mai talla ɗauke da ƙananan haƙora da suka zama dutse, yana cewa na dinozor ne. Kafin mutum ya fitar da jikarsa, ya kamata ya tambayi wurin da aka tono su, domin amsar takan warware rabin magana.

Idan mai talla ya ce daga Malbaza ne, to ba na dinozor ba ne. Duwatsun farar ƙasa da ake haƙa can don yin siminti sun taru ne a ƙarƙashin teku, bayan ƙarewar dinozor shekara miliyan 66 da suka wuce. Abin da ke cikinsu ragowar halittun ruwa ne, har da haƙoran kifin da Faransawa ke kira requin. Ko dabbar da aka sa wa sunan Goronyo ta jihar Sakkwato, Goronyosaurus, ƙaton ƙadangaren teku ce.

Sai kuma siffa. Haƙorin dinozor mai cin nama ya fi kama da wuƙa: gefensa a matse, bakinsa da ƙananan tsini kamar na zarto, waɗanda farce kan ji. Na kada kewayayye ne kamar ƙaho. Nan ne wahalar take, domin na Suchomimus, dinozor mai cin kifi da ayarin Paul Sereno ya bayyana a 1998, sun yi kusa da na kada ƙwarai. Na Nigersaurus, mai haƙora fiye da 500, sirara ne ƙanana. Dukansu biyu daga Gadufawa suke, cikin jihar Agadas, inda Philippe Taquet ya tono Ouranosaurus. A kuma duba gindin haƙorin: wasu kan haɗa gutsattsari da gam, su rufe da yashi.

Haƙorin da aka raba da wurinsa ya rasa mafi yawan amfaninsa ga masana, tun da ƙasar da ya kwanta ciki ita ke faɗin shekarunsa. Ga kuma dokar 30 ga Yuni 1997 mai kare kayan tarihin ƙasa. Wanda ya nufi iyakar Najeriya da irin wannan kaya ba tare da izini ba, yana iya samun kansa a hannun ma'aikatan duwan. Mai son tabbaci ya nufi gidan tarihi na Bubu Hama ko jami'ar Abdu Mumuni a Yamai.