Mummunan rauni a kai daga bugu

Mummunan rauni a kai daga bugu shi ne lahanin da ƙwaƙwalwa ke samu idan abu marar kaifi ya daki kai da ƙarfi, ko kan ya bugi ƙasa ko bango. Ya bambanta da raunin harsashi ko wuƙa, domin sau da yawa babu abin da ke huda ƙoƙon kai, wani lokaci ko fata ba ta fashewa. Haɗarin mota da na babur, faɗowa daga sama, da duka su ne manyan musabbabansa.

Yadda ake auna tsananinsa

Likitoci na amfani da Ma'aunin Suma na Glasgow, wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a shekarar 1974. Ana duba abubuwa uku: buɗe ido, magana, da motsin jiki. Makin yana kamawa daga 3 zuwa 15, kuma wanda ya samu 8 ko ƙasa da haka ana ɗaukar rauninsa mai tsanani ne.

Yadda yake kisa

Lahanin kashi biyu ne. Na farko yana faruwa a daidai lokacin bugun. Ƙwaƙwalwa tana lilo a cikin ruwa, don haka takan bugi ƙashi a wurin da aka daka, sannan ta koma ta bugi ɗaya ɓangaren. Idan kan ya juya da ƙarfi, siraran zaruruwan da ke kai saƙo tsakanin sassan ƙwaƙwalwa sukan tsinke, abin da kan jefa mutum cikin doguwar suma nan take. Wannan kashin ba ya gyaruwa da tiyata.

Kashi na biyu yana biyo baya cikin sa'o'i ko kwanaki, kuma shi ne inda ake iya ceto rai ko a rasa shi. Ƙoƙon kan baligi rufaffe ne, ba ya buɗewa. Abubuwa uku ne a cikinsa: ƙwaƙwalwa, jini, da ruwan ƙwaƙwalwa. Idan jini ya taru ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, babu wurin da za su faɗaɗa, sai matsi ya hau. Matsin yana hana sabon jini shiga, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su rasa iskar oksijin, su ƙara kumbura. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta jure wannan rashi, domin duk da nauyinta bai wuce kusan kashi 2 cikin 100 na jiki ba, tana cin kusan kashi 20 na oksijin da jiki ke amfani da shi. A ƙarshe matsin yakan tura ƙwaƙwalwa ƙasa ta danne tushenta, inda ake sarrafa numfashi da bugun zuciya. Alamun wannan mataki su ne hauhawar jini, raguwar bugun zuciya, rikicewar numfashi, da buɗewar baƙin ido ɗaya wanda ba ya tsukewa idan an haska shi.

Akwai wani nau'i mai yaudara. Idan jijiyar jinin da ke ƙarƙashin siririn ƙashin gefen kai ta fashe, mutum na iya farfaɗowa ya yi magana garau, alhali jini na taruwa a ciki. Haka ya faru da 'yar fim Natasha Richardson, wadda ta faɗi a wasan sulu kan ƙanƙara a Kanada a watan Maris na 2009. Da farko ta ƙi a kai ta asibiti, ta rasu bayan kwana biyu. Irin wannan tarin jini, in an gano shi da wuri, tiyata na cire shi, kuma da yawa suna warkewa sarai.

Abin da ke shafar rayuwa

Tsufa, ƙarancin maki a ma'aunin Glasgow, da shan magungunan tsinka jini suna rage damar tsira. Faɗuwar ƙarfin jini ko toshewar numfashi, ko da na ɗan lokaci ne, suna ƙara haɗarin mutuwa sosai. Shi ya sa ake fara buɗe hanyar numfashi da tsare wuya kafin ɗaukar hoton CT. An daɗe ana ba irin waɗannan majinyata magungunan sitiroyid don rage kumburi, har binciken CRASH na 2004 ya nuna cewa suna ƙara yawan mace-mace, aka daina.

Waɗanda suka tsira kan iya fama da mantuwa, farfaɗiya, shanyewar ɓarin jiki ko sauyin hali. Ga masu hawa babur, hular kwano da aka ɗaure da kyau tana rage ƙarfin bugun da ke isa ƙwaƙwalwa.