Mai Ciki da Raunin Tayirod: Ƙwayar Safe da Abincin Gida

Kasala, yawan barci, ƙarin ƙiba, taurin bayan gida. Duk mai cikin da ta yi ƙorafin waɗannan a gida, amsar da take samu ita ce, "Ai laulayi ne, zai wuce." Sau da yawa gaskiya ne. Amma akwai wata cuta da take fakewa a bayan laulayi, wato raunin tayirod.

Tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, siffarta kamar malam-buɗe-littafi. Ita ce idan ta kumbura muke cewa mutum ya yi maƙoƙo. Aikinta shi ne zuba wani sinadari cikin jini wanda yake tsara saurin aikin jiki, kamar bugun zuciya, ɗumin jiki da narkewar abinci. In ta yi rauni sai komai ya yi sanyi. Mace ta riƙa jin ɗari ana tsakiyar zafi, fata ta bushe, gashi ya riƙa zuba, murya ta dushe, ga mantuwa. Kuma ba lallai ne a ga maƙoƙo ba. Mata da yawa wuyansu sumul yake, gwajin jini da ake kira TSH ne kaɗai yake nuna matsalar.

Abin da ya sa muke damuwa a ɗakin awo shi ne jaririn. Tayirod ɗinsa ba ta fara aiki sai wajen mako na 12, ba ta kuma iya ɗaukar nauyinsa sosai sai tsakanin mako na 18 zuwa 20. Kafin nan, da sinadarin uwa ƙwaƙwalwarsa take ginuwa. Idan uwa ba ta da isasshe kuma ba a yi magani ba, ana iya samun ɓari, haihuwar bakwaini, hawan jini, ƙarancin jini, ko yaro ya taso fahimtarsa da rauni.

Maganin ƙwaya ce 'yar ƙarama mai suna lebotayiroksin, sau ɗaya a rana. Irin sinadarin da jiki yake yi ne da kansa, shi ya sa ba ta cutar da ciki. A nan ina roƙon iyayenmu surukai da magidanta. Mun sani tsoron shan magani da ciki kulawa ce, kuma ga magunguna da yawa kuna da gaskiya. Amma wannan barinsa ne haɗari. Hasali ma da ciki buƙata ƙaruwa take yi, likita yakan ƙara adadin da kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. Don haka duk wadda take kan maganin, ranar da ta tabbatar ta ɗauki ciki ta zo asibiti, kada ta jira sai ciki ya yi wata huɗu kamar yadda aka saba. Za a riƙa maimaita gwajin jini kusan kowane mako 4 har ciki ya kai rabi.

Inda aka fi samun tangarɗa shi ne yadda ake shan ƙwayar. Tana son ciki ba komai. A sha ta da ruwa zalla da asuba, a jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a karya. Ba a haɗiye ta da shayi mai madara, ko koko, ko kunu. Sannan ga maganin ƙarin jini da mu da kanmu muke ba kowace mai ciki. Sinadarin ƙarfen da ke cikinsa yana riƙe lebotayiroksin a hanji, ya hana ta shiga jini. Haka kalsiyam, haka farin maganin ƙwannafi. Mace sai ta haɗa ƙwayoyinta duka ta watsa baki lokaci ɗaya don kada ta manta, ta yi wata uku ba fashi, a zo gwaji a ga kamar ba ta sha. A raba su da aƙalla awa 4: ta tayirod da asuba, ta ƙarin jini bayan azahar ko bayan abincin dare.

Game da abinci, babban abin shi ne aidin, domin da shi tayirod take haɗa sinadarinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki da mai shayarwa suna buƙatar maikurogiram 250 a rana, sauran manya 150. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin da ake ci. A sayi na leda wanda aka rubuta yana da aidin, a ajiye shi a mazubi mai murfi, nesa da rana da murhu, domin aidin yana gudu daga gishirin da aka bari a buɗe. Wannan ba yana nufin a ƙara gishiri a miya ba, musamman ga mai hawan jini. Ƙwai, nono da kifin teku su ma suna da aidin.

Ana yawan tambayata batun rogo, gero da waken suya. Rogon da ba a jiƙa ko sarrafa shi sosai ba yana hana tayirod amfani da aidin, kuma an ga alaƙar yawan cin gero da maƙoƙo a yankin Darfur na Sudan, inda aidin ya yi ƙaranci. Ni dai ba na ce wa kowa ta bar fura ko tuwon gero. A riƙa sauyawa da dawa, masara da shinkafa, a tabbatar gishirin gidan mai aidin ne. Awara kuma a bar ta zuwa rana, kada a karya da ita dab da shan magani. Sai dai a sani, wadda garkuwar jikinta ce ta lalata mata tayirod, ko aka yi mata aiki aka cire, babu abincin da zai maye mata gurbin ƙwayar, haka babu jiƙo ko tsimi.

Bayan haihuwa yawanci likita yakan mayar da ke kan adadin da kike sha kafin ciki, a sake gwaji bayan mako 6, wato wajen arba'in. Ki shayar da ɗanki ba fargaba. Idan kuma kin ga shawararsa ta haura mako 2 ba ta washe ba, ko yana barci har ba ya tashi shan nono, ko bayan gida yana yi masa wuya, ki kawo shi a duba tasa tayirod ɗin tun kafin ranar awonsa ta zo.