Kwana uku na farko: abin da matanmu suka koyo a horon kare yara

Ran da aka aiko kiran horo kan kare yara, wasunmu dariya suka yi: "Mu da muka haifi bakwai, takwas, wa zai koya mana riƙon ɗa?" Duk da haka muka tura mata biyu, asusu ya biya kuɗin mota. Ɗaki guda suka zauna da malaman lakwal, da ungozoma, da wakilin maigari, da ma'aikacin kula da yara. Ran zubi, bayan an kulle akwati, suka kwashe mana labari.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, yaron da aka cuta ba kasafai yake faɗa da baki ba. Ɗiyar da ta saba talla sai ta riƙa kuka in an ce ta bi ta wani lungu. Ɗan shekara takwas ya koma fitsarin kwance. Mu kuwa me muke yi? Mu ce taurin kai ne, mu ɗauko tsumagiya. Allah ya yafe mana.

In ta buɗe baki, ƴar'uwa, ki zauna ki saurara. Ban da salati da kururuwa, ban da "me ya kai ki?" Ki ce mata ba laifinta ba ne, kuma kar a sa ta maimaita gaban duk wanda ya shigo gidan.

In fyaɗe ne, kwanaki ake ƙirgawa. Maganin da ke kare ta daga sida sai an soma shi cikin awa 72, wato kwana uku. A kai ta gidan likita tun ranar, kar a wanke tufafin da ke jikinta. Likita zai rubuta takarda, ita za a kai wa jandarma ko ƴan sanda. Akwai ma alƙalin yara na musamman.

Nan gardama ta tashi. Wata dattijuwarmu ta ce: "To, in mai laifin ɗan gida ne fa? Ku tona asirin yarinya, wa zai aure ta?" Maganarta na da nauyi, ba mu raina ta ba. Amma duk mun san yadda sulhun zaure ke ƙarewa: a raba goro, a ce a yi haƙuri, yarinya ta ci gaba da ganin mutumin safe da yamma, ƙannenta kuma suna nan suna tasowa. Har muka tashi ba mu zama baki ɗaya ba.

Abu biyu dai muka tsaida. A asusun taimako mun ware jika biyar, kuɗin mota zuwa likita, ba bashi ba ne. Matan nan biyu kuma su za a samu a asirce, ko da dare ne, su raka uwa wurin kwamitin kare yara. Sunan yarinya ba zai fito a taron zubi ba.